Maharbina Ya Koma Kiwo

Har yau in na tuna abin da Yaya ya yi wa maharbina sai raina ya ɓaci, kuma babu inda zan kai ƙara. In na ce wa mutanen gidanmu an lalata mini mutum, za su ce wane mutum, in ce na cikin waya, shi ke nan na zama abin dariya har a bakin rijiya.

A lokacin ina koyarwa a wata makarantar firamare a Gwarzo, ina zaune a ɗakin haya a bayan kasuwa. Gidanmu yana wani ƙauye a Durun, ta ƙasar Kabo. Da zarar an yi la'asar ba ni da wurin zuwa sai shagon wani mai cajin waya a bakin titi, inda mu huɗu muke matsuwa a kan benci ɗaya muna buga gem na yaƙi. Gem ne da ake ba ka mutum daga shi sai 'yar riga, a sake shi cikin duniyar dodanni da duwatsu da dazuzzuka, a ce ka raine shi. Duk dodon da ka kashe, duk aiken da ka cika, ana ba ka maki, kai kuma ka zuba makin inda ka ga dama. Akwai ƙarfi, alamarsa damtse. Akwai zafin nama, alamarsa gashin tsuntsu. Akwai tsafi, wata shuɗiyar wuta. Can ƙasa kuma akwai kiwo, da hoton kan saniya, wanda ban taɓa ganin mai hankalin da ya ko kalle shi ba.

Makin da ka zuba kuwa ya zubu, ba a kwashe shi. Mafita ɗaya ce: wata 'yar gora da ake ba kowa sau ɗaya tak, ruwan mantuwa ne a ciki, in mutuminka ya sha sai duk makinsa ya dawo hannunka ka sake rabo. Yawancin mutane tun a makon farko suke shanye tasu saboda garaje. Tawa tana ƙasan jaka ko buɗe ta ban yi ba, kuma ina taƙama da hakan kamar mai hatsin bara a rumbu.

Kowane makami da abin da yake ci. Gatari da takobi ƙarfi suke so, baka kuma zafin nama. Sanda a wannan duniyar ba ta duka ba ce, ta bokaye ce, da ita suke jefa wuta da ƙanƙara, kuma ba ta da amfanin komai sai da shuɗiyar wutar nan. Mai shagon caji gatari ya ɗauka, daidai da halinsa, don ko a hira ba ya barin kowa ya kai aya. Shi ne shugabanmu. Da wasa muka fara ce masa Sarkin Yaƙi, shi kuwa ya riƙe sarautar da hannu biyu. Ni baka na zaɓa, saboda ni ba mutumin cakuɗuwa ba ne, na fi son in tsaya nesa in auna in saki.

Fiye da shekara na yi ina rainon maharbin nan. Ban taɓa zuba masa maki ɗaya a inda bai dace ba. Na samo masa bakan ƙahon barewa bayan na mutu a wani kogo sau ba adadi. Tun daga damina kuma na daina kashe maki gaba ɗaya, ina tarawa, saboda akwai wata dabara ta ƙarshe, kibiya mai rabuwa a sama ta bi abokin gaba duk inda ya juya, kuma ba ta buɗewa sai ka kai wani mataki ka zube mata maki masu yawa a lokaci guda. Dalilin duk wannan wahalar wani dodo ne mai fukafukai da ke saman dutse, wanda aka sanar za a buɗe ƙofarsa a makon ƙaramar Sallah. Ba ya sauka ƙasa. Gatarin Sarkin Yaƙi ba zai taɓa shi ba ko da zai hau tsani. Dole sai da maharbi, maharbin kuwa ni ne.

Na san yadda wannan maganar take a kunnen wanda ba ya buga gem, amma zan faɗe ta yadda take. A makaranta ni ne wanda ake tura wa ajin da kowa ya ƙi. Ɗakin da nake kwana na haya ne, katifar ma ta aro ce. Gefen bencin nan na hagu, wurin maharbi, shi kaɗai ne abin da nake da shi a Gwarzo wanda in ban zo ba za a kira ni a waya a ce ina kake, muna jiranka.

Ana tsakiyar kaka Yaya ya yi hatsari. Ya ɗauko buhun masara a babur zai kai kasuwa, wata mota ta goge shi a hanyar Kabo, cinyarsa ta karye. Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa abin bai kama ba, daga baya aka kai shi asibiti a Kano aka sa masa ƙarfe. Shanunmu suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya. Mu asalinmu makiyaya ne, ko da yake kakanmu ne na ƙarshe da ya yi yawon kiwo, mu Hausa muka tashi da ita a baki da fartanya a kafaɗa. Amma akwai abin da ba mu yar ba: kowane ɗa namiji uba yana ware masa karsana tasa, a gaban shaidu, ita ce tushen garkensa, kuma ba a sayar da ita, ba a mayar da ita, ko da ba ta yi maka ba. Baba ya rasu ina ƙarami bai kai ga ware mini ba. Yaya, da ya tsaya a matsayinsa, shi ya nuna mini wata farar karsana ya ce tawa ce, ranar aurena zai damƙa mini igiyarta. Ita ce ta ƙarshe da aka kora kasuwa. Ni da shi da Inna duk muka yi kamar ba a taɓa yin wata farar karsana a gidan ba.

Da aka sallamo shi na je gida na tarar da shi kwance a zaure. Mutumin da ban taɓa ganin rana ta fito ta same shi a zaune ba, ga shi a kan tabarma, ƙafa a miƙe, ya zuba wa turakun da babu komai a jikinsu ido. Ya rame, ba ya magana, in an kawo abinci ya taɓa ya ture. Tausayi ya kama ni. Na zaro babbar wayata na ba shi, na ce ya riƙa jin wa'azi da labarai, ni zan yi maneji da ƙaramar mai madannai. Maƙwabcinmu yana da sola zai riƙa yi masa caji, sabis kuma yana kamawa daidai bakin zauren. Don in ga ya yi murmushi sai na buɗe masa gem ɗin na nuna masa maharbina. Ya tambaye ni ma'anar kowace alama, tunda ba ya karanta Turanci, ni kuwa malami ya samu ɗalibi, na zauna na yi masa bayani tiryan-tiryan, har da inda ake dannawa a zuba maki. Da hannuna na nuna masa.

Da na koma bayan mako biyu, tun kafin in gama cire takalmi ya ɗago wayar.

“Malam ƙarami, sannu da hanya. Ya Gwarzon? Ya yaran makaranta? Zo ka ga yadda na gyara maka mutuminka.”

Na tambaye shi jiki, ya ce da sauƙi, na tambayi kwanan ƙafar, ya ce alhamdulillahi, duk ina yi idona yana kan wayar. Da ta zo hannuna sai na ga maharbina tsaye a tsakiyar wata fadama, ya saɓa sanda a kafaɗa ya rataya hannuwa a kanta. A bayansa akwai awakin daji da wasu ramammun shanu guda biyu. Na buɗe wurin maki. Babu ko ɗaya. Abin da na tara tun damina, rabi ya tafi damtse, rabi ya tafi kan saniya.

“Yaya, ina bakan?”

“Yana jaka, ban yar ba. Amma mu maharba ne? A gidan nan wa ka taɓa gani da baka? Baba da me ya raka shanu har ya bar duniya? Na ga sanda a kasuwarsu ta cikin wayar na ce yauwa, ga abin da muka sani.”

“Ai sandar nan ba ta duka ba ce, Yaya. Ba ta aiki sai an zuba maki a shuɗiyar wutar can.”

“A'uzubillahi. Ba da bakinka ka ce mini tsafi ne ba? Ina kwance ina roƙon Allah lafiya, sai in koya wa bawan Allah tsafi? Sanda damtse take so. Na ba shi damtse.”

Ya karɓa ya gwada mini. Wani ɗan ƙaramin dodo ya fito daga ciyawa, irin wanda da kibiya ɗaya nake kashewa ina hira. Mutumina ya rufe shi da duka, tim, tim, tim, kamar mai kakkaɓe katifa, jinin dodon ko motsi bai yi ba. Ƙarshe dai dodon ne ya gaji ya kashe shi. Yaya ya yi dariya har da riƙe cinya, ya ce ai shi ya sa ba ya zuwa wajensu, fadama ta ishe shi. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin hatsarin. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, “Ya yi kyau, Yaya.”

A hanyar komawa ina bayan ɗan acaɓa ina ta masifa ni kaɗai, har ya rage gudu ya tambaye ni ko da shi nake. Wanda ba ɗan gidanmu ba zai ce me ya hana ka karɓe wayarka. Ai a wurinmu ƙane ba ya miƙa wa wansa abu sannan ya dawo ya ce a ba shi, balle wan da ya riƙe ka tun kana yawo ba wando, balle kuma yana kwance. Ko a mafarki na gwada faɗar kalmar sai harshena ya ƙi.

Sarkin Yaƙi da ya ji labari sai da ya sauko daga benci don dariya. Ya ce a duk faɗin duniyar gem ɗin ba a taɓa yin boka mai damtse da ke kiwon awaki ba, ya kamata a ba gidanmu lambar yabo. Da ya share hawaye sai ya yi tambayar da ta dace.

“Gorar tana nan?”

“Tana nan.”

“To ba a yi asara ba. Ka karɓo wayar, ya sha, ka sake gini. Amma ka ji ni da kyau, Malam, in ranar buɗe ƙofa ta zo ba ka da baka a hannu, ga tela can yana jira.”

Telan nan ɗan Madadi ne, kullum yana raɓe a ƙofar shagon da nasa maharbin. Na taɓa leƙa yadda ya raba makinsa, na kusa yin kuka. Kaɗan a nan, kaɗan a can, har da tsafi ya ɗanɗana, kamar mai zuba gishiri a duhu. Wai wannan ne zai zauna a wurina.

Daga nan na shiga dabaru. Na sayi 'yar rediyo na kai wa Yaya, na ce ta fi waya daɗin jin labarai. Ya yi godiya sosai, ya sa mini albarka, ya aika wa Inna da ita cikin gida. Wani zuwan na zauna a gabansa ina ta fama da ƙaramar wayar, ina tsaki, ina cewa saƙonnin makaranta duk ba sa shigowa, shugaban makaranta har ya fara yi mini magana. Ya ce in yi haƙuri, ai ƙananan nan sun fi riƙe caji. Na ce na ji an ce yawan kallon waya yana kashe ido. Ya ce shi ya sa yake lumshe ɗaya ya huta.

Da dabara ta ƙare na shiga wurin Inna. Na same ta tana tankaɗe, na zauna na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ce ko za ta yi masa magana. Ta ajiye rariyar ta dube ni. Yaya ɗan farinta ne, tun da nake ban taɓa jin ta kira sunansa ba, ko zama a tabarma ɗaya ba sa yi, in tana da saƙo gare shi ta bakin wani yake bi, yawanci ma ta bakina.

“Ni? In je in tsaya a kan wancan in ce ya ba ka abin wasa? Kai ne fa ɗan aikena wurinsa. Yanzu wa zan aika, kai?”

“Inna, ba wasa ba ne kawai, akwai mutanen da ke jirana.”

“Su jira. Tun da ya samu abin nan yake cinye tuwonsa. Jiya ina nan na ji yana kiran shanu da baki yadda yake yi in zai kai su rafi, har na miƙe zan leƙa, na ɗauka dawo da su aka yi.”

Ta ɗauki rariyarta ta ci gaba. Na fito raina a jagule, ina jin haushin kowa, har da Turawan da suka zauna suka ga ya dace su sa kan saniya a cikin gem na yaƙi.

Azumi ya kama. Duk Juma'a in na je sai ya nuna mini ci gaban da aka samu. Garken ya ƙaru, ya gano inda ciyawa ta fi kyau, ya san wace saniya ce mai tunkuyi. Ɗan makin da yake samu a kiwo duk kan saniya yake komawa. Ni kuma in leƙa ƙasan jaka a sace in ga gorata tana nan, in ji sanyi. Har na fara lallashin kaina cewa riba ma nake ci, tunda duk abin da ya tara hannuna zai dawo. A taron malamai ana maganar jarrabawa ni ina raba maki a kaina, wannan gashin tsuntsu, wannan kibiya mai rabuwa. A shago kuma tela ya fara ɗosana ɗuwawu a gefen bencin, wai kafin in dawo. Sarkin Yaƙi ya daina dariya, kullum tambayarsa ɗaya ce, yaushe.

Ranar da za a buɗe ƙofar dodon, bayan Sallah da kwana kaɗan, na yi sammako zuwa Durun da ƙaryata a shirye: zan ce wayar tana bukatar a kai ta wurin mai gyara a Gwarzo, kwana ɗaya kawai. Na maimaita ta a hanya har ta zauna a bakina.

Ina sauka na hango mutum tsaye a ƙofar gidanmu, ya dogara da tsohuwar sandar Baba. Sai da na matso na gane Yaya ne. Tsaye, da ƙafafunsa. Wallahi a wannan lokacin na manta da wani dodo, na ƙarasa da gudu na riƙe shi, yana cewa a hankali, Malam ƙarami, kada ka mayar da ni Kano. Muka shiga zaure muka zauna, muka yi barka da Sallah, ya tambayi mutanen Gwarzo ɗaya bayan ɗaya, har da mai gidan hayata da bai taɓa gani ba. Maƙwabcinmu mai sola ya shigo shi ma aka sake sabuwar gaisuwa. Ina neman inda zan saka ƙaryata sai Yaya ya zaro wayar daga aljihu.

“Na san kana son abarka. Tun ranar rediyo na gane, ba yaro ba ne ni. Wani abu nake jira in kammala, kuma yau da safe Allah ya nufa.”

Ya juyo mini da fuskar wayar. Mutumina yana tsaye da sandarsa, a gefensa kuma wata farar karsana, fara tas, mai ɗan baƙi a bakin hanci. Ban san ko masu gem ɗin sun taɓa zuwa Durun ba, amma sai ka rantse tawa da aka sayar suka zana.

“Na daɗe ina ganinta a kasuwarsu,” ya ce. “Mai ita ɗan taurin kai ne, duk abin da na miƙa sai ya girgiza kai. Yau na ce bari in zazzage jakar. Can ƙasa na ga wata tsohuwar gora da ba ka amfani da ita, ina nuna masa ya karɓa hannu na rawa. Ka ga mutum, gora a bakin karsana.”

Na kai yatsa kan wayar tana hannunsa. Na buɗe jakar. Bakan ƙahon barewa yana nan, wurin gorar kuwa fayau.

Yaya ya gyara zama, ya ɗaga murya yadda za a ji a cikin gida, ba tare da ya dubi ƙofar ba. Ya ce maƙwabci ya shaida, na cikin gida ma su shaida. Sannan ya kamo hannuna na dama ya ɗora wayar a kai, ya rufe da nasa hannuwan biyu, daidai yadda ake damƙa igiya.

“Waccan ta tafi a kan ƙafata, ban kuma iya dubanka na yi maka maganarta ba. Wannan na san hoto ce, ba ta ba da nono, ban haukace ba. Amma taka ce. Ka riƙe ta kafin Allah ya hore mini ta gaske.”

Daga bayan zana muryar Inna ta fito a hankali, ta ce Allah ya sa albarka, Allah ya sa ta zama tushen garke. Maƙwabci ya shafa. Ni ma na ce amin, na ce na gode, Yaya, muryata tana rawa. Su sun ɗauka daɗi ne kawai ya yi mini yawa. Daɗin yana ciki, ba zan ce babu ba, amma rabin rawar muryar nan takaici ne tsantsa. Na bar wa Yaya ƙaramar wayar na hau babur.

Na iso shago bayan la'asar, an riga an taru, tela yana tsaye da wayarsa a hannu kamar mai jiran a kira shi liman. Na miƙa wa Sarkin Yaƙi tawa. Ya duba jaka, ya duba fadama, ya yi salati. Sai ya shiga kasuwar gem ɗin yana latse-latse, can ya buga cinya.

“Malam, Allah ya so ka! Yau aka yi cinikin, ɗan kasuwar yana karɓar kayansa in ba a kwana ba. Ga wurin nan. Ka danna, ta koma, gorarka ta dawo. Kafin magariba ka gama gini mu hau dutse.”

Ya mayar mini da wayar. Alamar tana nan a gabana, koriya, babu abin da ya raba ni da ita sai babban yatsana. Shekara guda da wani abu na rainon maharbi, kogon da na mutu a ciki, kibiyar da ban taɓa harbawa ba ko sau ɗaya, gefen bencin, duk suna bayan wannan alamar. Na matsa da mutumina kusa da ɗan kasuwar, karsanar ta biyo shi. Na matsa gefe, ta sake biyowa, ta tsaya ta sa hanci a kafaɗarsa. Na yi tsaki mai ƙarfi har tela ya ja da baya.

“Danna mana,” in ji Sarkin Yaƙi. “Lokaci yana tafiya.”

“Ba a mayarwa.”

“Me ba a mayarwa? Ga shi a rubuce ana mayarwa!”

“A gidanmu ba a mayarwa.”

“Malam, hoto ce fa. Hoto! Shi yayan naka ina zai sani?”

Yaya zai iya rayuwarsa duka bai sani ba, gaskiya ne. Amma an damƙa mini ita da hannu biyu, Inna ta sa albarka ta bayan zana, na ce amin da bakina. Na fita daga kasuwar gem ɗin. Sarkin Yaƙi ya dube ni ya girgiza kai, sannan ya dubi tela ya nuna masa gefen benci na hagu. Ni na koma kan wani kifaffen bokiti kusa da janareta.

Na so a ce sun faɗi. Na zauna ina jira su faɗi, ina ƙirga kuskuren tela a zuciyata, yana harbi kafin dodon ya juyo, yana ɓarnar kibau, yana tsayawa inda wuta za ta same shi. Amma da ƙyar da jiɓin goshi suka kayar da dodon. Shagon ya kaure da ihu, Sarkin Yaƙi ya rungume tela yana kiransa maharbin Madadi, har masu wucewa suka tsaya kallo. Babu wanda ya waiwayo wajen bokiti. Wurin nan kuwa tela ne a kansa har yau, in na je hira tsaye nake yi.

Ana shirin kiran magariba wayar ta yi ƙara a hannuna. Lambar ƙaramar wayata ce.

“Malam ƙarami, ka isa lafiya? Na manta ban gaya maka ba, ba ta sha ruwa ba tun safe. Kada ka kai ta tafkin gaba, akwai dodanni. Ka bi ta bayan dutsen, akwai ɗan rafi, can take so.”

Na ce to, Yaya. Na kashe kiran ina huci, ga ihun su tela a kunnena, ga hayaƙin janareta a hancina. Sannan na juya mutumina, da damtsensa na banza da sandarsa da ba ta kashe ko ƙadangare, na bi ta bayan dutsen. Rafin yana nan inda ya ce, na tsaya ina jira har ta gama sha.